Mun Je Yamai Ganin Naman Zuciya

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Dakoro, gari bai gama wayewa ba, shanun da ake korawa kasuwa ne kawai ke tare mana hanya. Mu huɗu ne a tafiyar: ni, da uwar ɗiyata, da jaririyarmu da ko zama ba ta fara ba, sai surukata, Inna, wadda ta zo mana zaman jego daga Ɗan Gulbi ba ta koma ba. Ku da kuka ga teburina a kife kuka yi ta kira kuna tambaya ko na bar fawa ne, to ban bari ba. Yamai muka je, ga kuma abin da ya kai mu.

Tun da matata ta haihu ba ta ga daidai ba. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Daga bakin randa zuwa ɗaki sai ta tsaya tana haki. Kwanciya kuwa ta gagara, a zaune take barci ta jingina da bango. Aka tura mu Maraɗi. Likitan zuciya na can ya yi mata eko, wato hoton zuciya, ya ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, kuma ba kanta farau ba, ciwo ne da ke kama mata da yawa a ƙasarmu bayan haihuwa. Ya rubuta magunguna, ya hana gishiri mai yawa, ya hana kunun kanwa, ya hana wankan jego da tafasasshen ruwa. Kumburi ya sauka, numfashi ya ɗan dawo. Amma da muka koma sai ya ce akwai abin da na'urarsa ba ta iya faɗa mashi. Tana nuna yadda zuciya ke matsawa da yadda take saki, ba ta nuna halin da naman kansa ke ciki. Akwai wata babba a Yamai, IRM suke ce mata, ita ke auna naman zuciya ta faɗi ko yana da rai, ko kuwa wani sashe ya mutu ya zama tabo. In nama ne mai rai, ana sa ran ya farfaɗo. In tabo ne, tabo ba ya komawa nama.

Bawan Allah bai san da mahauci yake magana ba. Ni na gane abin da yake nufi fiye da yadda nake so in gane. Wani lokaci ka yanka tsohuwar saniya, ka tsaga zuciyar, sai ka tarar wani wuri ya yi fari ya yi tauri, wuƙa na bi ta kansa tana ƙara. Ko kyauta ka ba mutum ba ya so. Tun ranar da likita ya yi wannan magana, duk zuciyar da na ɗauka a kasuwa sai hannuna ya yi sanyi. Tsoro nake ji, ba sai na ɓoye maku ba.

Ita Inna nata lissafin daban ne. A wurinta hana kanwar nan ne ya hana ɗiyarta ƙarfi. Takan ce duk ɗiyan da ta haifa da kanwa ta yi jegonsu, ga ta nan har yau tana surfe. Da ta ga ba ta ci nasara ba, sai ta aika wa maƙerin garinsu. Ya zo har gida ya sa wa matata munduwar baƙin ƙarfe a ƙafar hagu, ya haɗe bakin da ƙusa ya dake, ya ce maganin kumburi ne, kada a cire sai an yaye ɗiya. A makon ne kumburin ya sauka, a makon ne kuma ƙwayoyin Maraɗi suka fara aiki. Inna ta ce ƙarfe ne. Ni na ce ƙwaya ce, amma a cikin raina na faɗa, don wa ya isa ya ja da suruka?

Hanyar Maraɗi ta yi kyau a wannan lokaci na kaka. Dammunan hatsi a tsaye cikin gonaki, rumbuna da sabon yaɓe, mata na tsinkar gyaɗa a bakin hanya. Direbanmu irin mutanen nan ne da ba su iya wuce mai ɗaga hannu, ko da gaisuwa ce yake yi. A Kornaka ya ɗauki wani dattijo da ragonsa, aka ɗaure ragon a saman mota daidai kaina. Tun daga yadda yake buga ƙafa na san ba shi da kitse, mai shi kuwa yana ta cika baki kan kuɗin da zai sayar. Na bar shi da cika bakinsa, ba fawa ta fito da ni ba. Muka biyo ta Tibiri muka shiga Maraɗi rana ta take, muka sauka gidan ƙanen mahaifina muka kwana.

Da sassafe muka shiga kar, babbar motar Yamai mai sanyi a ciki. Nan wahalata ta fara. Kujerar da aka ba ni tana gaban ta Inna, ko kunne na sosa tana gani. Ku kun san al'ada, namiji ba ya cin abinci gaban surukarsa. A gida wannan ba komai ba ne, ka ɗauki kwanonka ka yi zaure. To a cikin mota ina zauren yake? A Gidan Rumji mata suka yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da awara mai zafi, na kau da kai kamar mai azumi. A Madawa masu kilishi suka shigo har ciki suna kaɗa shi a hancina. Na duba da idon sana'a: sun iya shanya, ba ƙarya, amma sun cika labu, ƙullin gyaɗar nan da ake shafa mashi, don ya yi nauyi, kuma ɗan yankin da suke ba ka a jaka guda ko tafin hannu bai cika ba. Duk da haka yawuna ya tsinke. A Galmi warin albasa ya shigo mana tun ba mu ga garin ba, buhuna jibge bakin kwalta har sun fi mutum tsawo.

Sai Ƙonni Allah ya cece ni. Aka tsaya sallah da cin abinci, na yi alwala a gurguje, na idar, na zagaya bayan wata babbar motar kaya na sayi shinkafa da miya na zuba a tsaye kamar ɓarawo. Na dawo ina tafiyar dattako, na zauna. Inna ba ta dube ni ba. Sai ta dubi ɗiyarta ta ce, "Ce wa maigidanki ya share gemunsa." Matata ta yi dariya har sai da tari ya kama ta. Rabon da in ji dariyarta tun kafin suna. Haka maganata da Inna take tun da na auri ɗiyarta, komai sai ya bi ta bakin wani.

Daga nan hanya ta miƙe. Shingen jandarmomi, a sauko a nuna takarda a koma, mu kuwa suna ganin mai jego da kodadden idonta sai su ce ta zauna abinta. Dutsen Dogon Dutsi ya fito ja a hannun dama, ƙasa ta canja kala. Ina lura da matata ta gefen ido. Ta ɗora ƙafafu bisa jaka, munduwar na ɗan leƙowa daga ƙasan zane. Da Inna ta yi gyangyaɗi, sai matata ta matso da bakinta bayan kujerata ta ce a hankali, "Malam, in suka ce ya mutu, kada ka ɓoye mani. Ina so in san wa zan bar ma yarinyar nan." Na ce ta daina irin wannan magana. Abin da na iya faɗa ke nan, sai na juya ina kallon taga. Daga Doso harshe ya juya Zabarmanci, masu talla na kiran kaya ban san me suke sayarwa ba sai na leƙa. Wajen Kure wani ya yi ihu, ashe raƙuman dawa ne guda biyu ke cin ganye nesa da hanya. Duk motar ta koma gefe ɗaya, ban da mu.

Mun shiga Yamai ana kiran magariba. Mai masaukinmu ɗan Dakoro ne, abokin sana'a, yana da tukuba a wata unguwa. Gari ne mai girma da hayaniya, ga gulbi shimfiɗe ba ka ganin ƙarshensa, Inna ta daɗe tana kallonsa ta ce yanzu duk ruwan nan haka yake wucewa ba mai tare shi? Tsada kuwa sai wanda ya gani. Shayin da nake sha a tashar Dakoro, nan kusan ninki ne, kofin kuma ya fi ƙanƙanta. Naman da suke ɗorawa a sikeli rabi ƙashi ne, kuma mutane na saye suna godiya. Na ce wa mai masaukina wallahi in na yi haka a gida sai an kai ni gaban sarkin fawa.

Washegari muka je asibiti aka ɗebi jini don a duba ƙoda, saboda akwai wani ruwa da za a yi mata allurarsa lokacin hoton, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. Ƙoda lafiya lau. Aka tabbatar mana da randebu, wato lokacin hoton, safiyar da ke biye.

Ran hoton muka zo da wuri. Wata ma'aikaciya ta tarbe mu, Madam suke ce mata, Bazabarma ce amma Hausa a bakinta tas. Ta ce na'urar nan ƙaton mayen ƙarfe ne a cikinta, kuma ba a kashe shi ko da dare, don haka ko allura ba ta shiga ɗakin. Aka cire ƴan kunne, aka cire zobe, aka zare ƴan ƙarafan kitso, har kwallin ido ta sa aka goge. Ta tambaya ko akwai sauran ƙarfe a jiki. Ni da bakina na ce babu. Wallahi na sha'afa, idona ya saba da munduwar har ta zama kamar ƙafar. Matata ta dubi uwarta, uwar ta dubi ƙasa. Madam ta ɗauko wani ɗan abu ta bi jikinta da shi tun daga kai, yana isa idon sawu ya fashe da kuka. Ta ɗaga zane ta gani. Ta ɗauko ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ta kai kusa, ya yi tsalle ya manne, ƙwas. Ta ce, "Wannan ɗan ƙarami ke nan. Na ciki zai iya fizgar ƙafar gaba ɗaya, ko ya zafafa ƙarfen ya ƙone ta. Sai an cire."

Aka juya munduwa aka juya, ba bakin buɗewa. Madam ta ce bari ta kira mai gyaran kayan asibiti ya zo da almakashin ƙarfe ya datse. Nan Inna ta miƙe da goyo a bayanta ta tsaya gaban ɗiyarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce maƙeri ya gaya mata, in wani da ba maƙeri ba ya taɓa ƙarfen nan, kumburin zai dawo kuma ba zai tsaya a ƙafa ba. Ta ce ta binne ɗiya guda a kan haihuwa, ba za ta tsaya tana kallo a jawo mata ta biyu ba. Madam ta ce layi ne, akwai mutane a bayanmu, in muka rasa yau sai an sake ba mu wata rana, kuma ba kusa ba.

Jama'a, raina ya ɓaci. Mun bar gida, na kife tebur, mun keto ƙasa tun daga Dakoro, a ce ƙarfen da ko fartanya ba zai yi ba shi zai mayar da mu? Maganar ta zo har bakina. Sai na dubi fuskar tsohuwar, na ga ba taurin kai ba ne, tsoro ne irin wanda ke cikina, nata dai ya kama ƙarfe, nawa ya kama na'ura. Na haɗiye. Na dubi matata na ce, "Tambayi Inna, in maƙeri ne ya cire fa?" Inna ta ce, "In na gado ne." Madam ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai tana murmushi, ta ce za ta shigar da na bayanmu, mu kuma ta sa mu a ƙarshe. In muka wuce la'asar, ba ruwanta.

Na fita da gudu na tare kabu-kabu na ce ya kai ni inda ake ƙira. Ya kai ni wata kasuwa da ake dukan tsofaffin ƙarafa, ƙara kamar kunne zai tsage, ana mai da ganga tukunya, ana mai da ƙarfen mota gatari. Yawancinsu samari ne masu injin wuta da baƙin tabarau. Na san Inna ko kallonsu ba za ta yi ba. Na yi ta kutsawa ina tambaya har aka nuna mani wani tsoho can ƙurya, zaune a ƙasa gaban zuga-zugi, mutumin Adar ne. Na gaishe shi na ce, "Baba, ƙirar nan gado ce ko haye?" Ya sa yatsu ya ɗauki garwashi ja ya gyara mashi zama a murhu, sannan ya ɗago ya dube ni. Na ce Allah ya ba ka haƙuri. Na zayyana mashi komai. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito, ya ɗauki magagari da awartaki ya zuba a jakar fata ya ce mu je.

A gindin wata bishiya cikin harabar asibiti aka yi aikin. Tsohon bai fara da ƙafa ba, da Inna ya fara. Ya tambayi wane gari, wane maƙeri, ɗan wane ne. Ya duba munduwar ya yaba hannun wanda ya ƙera. Inna ta saki jiki, har tana ba shi labarin kakan maƙerin. Sannan ya cusa ɗan guntun fata tsakanin ƙarfe da ƙafa, ya yi bisimilla, ya goge kan ƙusar da magagari a hankali, ya sa awartaki ya buɗe. Ko ƙwarzane babu. Ya miƙa wa Inna ya ce, "Riƙe a hannunki har ta fito. Jikinki da nata ai ɗaya ne, ƙarfen ba zai san an raba su ba." Ban sani ba ko haka abin yake a ilimin maƙera, ko kuwa nan take ya ƙera maganar kamar yadda yake ƙera lauje. Ban tambaya ba. Na sallame shi, ya ƙi karɓar fiye da kuɗin komawa da na goro.

Aka shiga da ita. Mu aka bar mu a benci, Inna ta damƙe munduwa da hannu biyu, jaririya na barci a bayanta. Ta cikin ƙofa muna jin na'urar na bugawa, wani lokaci kamar sakwara ake kirɓawa, wani lokaci kamar kasuwar da na baro. Ta yi shiru, ta sake ɗauka. An daɗe. Na ja carbi har na rasa inda nake.

Yadda abin yake a ciki, matata ce ta ba mu labari daga baya. An kwantar da ita a wani siririn gado, an manna mata wayoyi a ƙirji, an ɗora wani faifai a kai, an toshe mata kunnuwa, gadon ya zarce da ita cikin rami. Ta ce abin da ya fara zo mata kabari ne, sai ta rufe ido ta kama salati. Abin da ta fi tsoro shi ne kwanciya rigingine, don ta daɗe ba ta iya ba, amma sai ta ji numfashi na shiga. Muryar Madam na zuwa mata a kunne: ja numfashi, riƙe, saki. Haka aka yi ta yi ba adadi. Can aka tura ruwan allurar ta hannu, ta ji sanyi ya bi jijiya, aka ɗan dakata, aka ci gaba da riƙe da saki. Ta fito da ƙafafunta, tana layi kaɗan, abin da ta fara tambaya shi ne ko an yarda ta ba da nono. Aka ce ta bayar.

Sakamako sai da aka kwana. Likitar da ta karanta hoton mace ce, ba ta da yawan magana. Ta juyo mana da allon na'ura. Ina gani na gane, don zuciyar ce aka yanka a kwance, zobe-zobe, daidai yadda nake yanka ta wa masu tsire. Sai dai wannan tana motsi, kuma ta matata ce. Likita ta nuna yadda take matsawa, ta ce har yanzu da rauni, ba za ta yi mana ƙarya ba. Ta kawo wani hoton mai launi-launi, ta ce nan na'ura ta auna naman wuri-wuri, ta ga yawan ruwan da ke cikinsa da yadda ya saƙu, kuma akwai ɗan ruwa da ya rage, alamar naman ya sha wahala. Sannan ta kawo na ƙarshe, wanda aka ɗauka bayan allura. Ta ce ruwan allurar nan yana shiga ko'ina, lafiyayyen nama ya sake shi da wuri ya fito baƙi a hoto, tabo kuwa ya riƙe shi ya fito fari fat. Ta ce mu duba da kanmu.

Na duba kamar yadda ban taɓa duba nama ba a rayuwata. Ta bi zoben farko, baƙi. Na biyu, baƙi. Ta yi ta sauka har ƙarshen zuciyar, ina neman farin nan da na sani, wanda wuƙa ke ƙara a kansa. Babu. Na ce, "Likita, gafarta mani, ni mahauci ne. Nama ne duka, ko da jijiya?" Ta yi murmushi ta ce, "Nama ne duka." Ta ƙara da cewa alkawari na Allah ne, ba nata ba, amma zuciya irin wannan tana da kyakkyawan zaton dawowa in an riƙe magani, an rage gishiri, an kuma jinkirta wani cikin har sai likita ya yarda. Ni dai daga "nama ne duka" ban ƙara jin komai sosai ba. Hawaye suka zubo mani gaban surukata, ban ma damu in share ba. Matata ta sa fuska cikin mayafi tana ta alhamdulillahi.

Inna ce ta katse mu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da munduwa ta ce wa ɗiyarta, "Tambaye ta, wannan fa?" Likita ta karɓa ta juya ta, ta mayar. Ta ce, "Inna, in kuna so ku mayar, ku mayar, ba ruwana da shi in ba a ɗakin na'ura ba. Ni da kanwa nake faɗa. Ita ke tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma ba ta iya ɗaukarsa." Inna ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙafar ɗiyarta, wadda ta kwana ta wuni ba ƙarfe kuma ba ta kumbura ba. Ta ƙulle munduwar a bakin zane.

Dawowa hanya ɗaya ce, amma sai na ga kamar an sake ta. Na ga raƙuman dawa da idona wannan karon, har na fi kowa ihu. Na yi ciniki da masu albasa a Galmi na sayi ƙaramin buhu ba don ina bukata ba. A Madawa masu kilishi suka sake shigowa, na kau da kai yadda na saba. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Inna ce, ta sayi kilishi ta miƙo ta saman kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wajen taga, ta zauna haka har na cinye. Labun dai ya yi yawa, ban canja magana ba, amma ban bar ko ɓurɓushi ba.

Mun kwana Maraɗi, muka kai wa likitanmu hoton, ya gyara ƙwayoyi ya sa mana ranar dawowa. Muka iso Dakoro da yamma, maƙwabta suka cika gida. Da safe na fito zan duba ragunan da nake kiwo a bayan gida, sai na tarar da Inna tsugune gaban kwamin abincinsu tana farfasa wani ƙaton dunƙulen kanwa da dutse. Ashe tun daga Ɗan Gulbi take ɗauke da ita a ƙasan ƙullin kayanta, ta je da ita Yamai ta dawo, tana jiran ranar da likitoci za su gaza. Ba ta ɗago ba, kuma ba kowa a wurin da za ta aika da magana ta bakinsa. Ta ce, "Su ai ba a ɗauki hoton zuciyarsu ba. Su sha." Rabon da ta yi mani magana kai tsaye, ban ma tuna ba.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. In za ku kai wani wannan hoto, ku bincike shi tun daga gida, daga kitso har idon sawu, kada ku yi irin tawa. In kuma tsohuwa ta tare maku ƙofa, ku tambayi abin da take tsoro kafin ku ɗaga murya, wataƙila abin da kuke tsoro ne ku ma. Matan da suka haihu, in ƙafa ta kumbura numfashi ya yi gajere, ba jego ba ne kawai, a je a duba. Munduwar tana nan rataye a ƙusa cikin ɗaki, ba wanda ya ce a mayar, ba wanda ya ce a jefar.

Ran kasuwa na koma teburina. Na yanka sa, na ciro zuciyar, hannuna bai yi sanyi ba. Na yanka ta a kwance, zobe-zobe, ja wur tun daga sama har ƙasa. Wani mai tsire ya miƙo hannu, na ce ba ta sayarwa ba ce. Na kai gida na gasa da kaina. Na tarar da matata kwance rigingine bisa tabarma tana barci, ɗiyar a kan ƙirjinta, sai na zauna na jira har ta farka. Ta ɗanɗana ta ɓata fuska ta ce, "Malam, ba gishiri." Na ce haka likita ta ce. Ta harare ni, ta jawo kwanon gabanta, ta cinye tas.